Laraba Ba Ta Ɗaukar Kaya a Ka

Wata Litinin ce, a ranin farko bayan gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja, ina aji huɗu a wata firamare a Gwagwalada. 'Ya'yan sababbin ma'aikata sun cika azuzuwa har wasunmu na zama a bakin taga, sai aka ce za a ƙara gini, mu ne kuma masu ɗebo ruwan buga bulo daga rafi. Sabon hedimasta ya jera mu, kowa da bokiti a ka. Laraba, abokiyar zamana a benci, ta ɗora nata a kafaɗa. Ya ce ta mayar da shi ka, ta sunkuyar da ido. Ya ɗora mata da hannunsa, ta goce, ruwan ya sheƙe masa a wando. Ranar ya karya tsumagiya a bayanta.

Daga nan sunanta ya koma mai kunnen ƙashi. Yarinyar da ke riga kowa share fili, ta cinye mu a carafke, ta koya mini lissafin rabawa, ita ce kullum a durƙushe cikin rana, hannu sama. Ta fara jifan awakin makaranta, ta ciji monita. Malamai suka ce ai dama sun faɗa.

Ni ce na tambaye ta, muna tsintar kanya a hanyar gida, don ni 'yar baƙi ce, daga Katsina babana ya zo kasa haja. Ta ce su Gbagyi ba sa ɗora wa kai kaya, shi ne ke ɗauke da tunanin mutum. Uwarta, da ta haƙura da taimakonta a gonar doya, ta gargaɗe ta: "Wannan kai, karatu kawai zai ɗauka." To wa za ta bi, uwa ko bulala?

Abin da ke ƙona mini rai har gobe, mata masu itace a kafaɗa suna wucewa ta ƙofar ofishin hedimastan kowace safiya. Ido gare shi, baki gare shi. Ya zo ƙasar mutane ya ƙi tambaya. Kafin damina ta faɗi Laraba ta daina zuwa, aka ba wata wurinta.

Yanzu jikata ko fuska ta ɓata a makaranta sai an kira uwarta an ji dalili. Ina murna, amma raina kan koma kan wancan benci. An gama ginin da ruwan da ta ɗebo, ba ta taɓa zama a ciki ba.