Tsoho da Kan Doki a Tashar Maesteg

Ɗan kawuna Emyr, marubucin labaran ban tsoro da ko inuwarsa razana shi take yi, yana zaune a tashar motar Maesteg yana satar kallon wani tsoho.

Tsohon siriri ne kamar sanda, kunnuwansa jajir don sanyi, kwat ɗinsa ta girmi Emyr. A cinyarsa akwai ƙwarangwal ɗin kan doki, fari fat, da gindin kwalba a gurbin idanu. Mari ke nan sunanta, wadda a al'adar yankin ake zagawa da ita gida-gida a ƙarshen shekara, a yi waƙa a bakin ƙofa, masu gida su amsa su buɗe. Yana goge mata haƙora da hankici a hankali, kamar mai shirya 'yarsa zuwa biki. Wataƙila ita kaɗai ta rage masa.

Emyr kuwa har ya gama mayar da shi maye a littafinsa na gaba.

Tsohon ya ɗago kai. "Samari, ba ta cizo. Ina ne unguwarku?"

"Bayan coci, Baba."

"Ayyo, layin masu kashe fitila! Bara har muryata ta dushe, ba ƙofar da ta motsa. Wani ƙato ma ina hango ƙafafunsa a ƙarƙashin labule. Bana in ba a buɗe mana ba, na ajiye ta ke nan."

Emyr, da ya san ƙafafun waye ke ƙarƙashin labulen nan, ya sunkuyar da kai, ya ja ƙafafunsa can ƙarƙashin benci.