Idon Kawu na Dama

Jiya wata tankar mai ta wuce ta layinmu a Agege, warin dizal ya tuna mini da marigayi Kawu, yayan mahaifiyata, wanda direban tanka ne. Haka rigarsa take wari idan ya dawo daga ɗauko mai a Apapa.

Wata safiya na miƙa masa shayi, sai hannunsa ya kuskure kofin. Ya rufe idon hagu da tafinsa.

"'Yata, na daman nan ya ɗauke, kamar an kashe fitila."

"Yana ciwo ne, Kawu?"

"Ko kaɗan. Bari mu gani zuwa gobe."

Har yau ina nadamar yarda da na yi. Da muka je asibiti washegari, likita ya ce jijiyar da ke kai wa idon jini ce ta toshe, kuma mun makara.

Ranar ya mayar wa ogansa makullin tankar da kansa, ya ce akwai 'ya'yan mutane a kan titi. Daga nan kullum yakan jawo ni hagunsa ya ce, "Zauna inda zan gan ki."

Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.