Notin Birkin Baya

A shekarar da na gama lisansi, wato digirin farko, aka karɓe ni sitaj, koyon aiki, a wata ma'aikata da ke unguwar Filato a nan Yamai. Gidanmu yana unguwar Talaje, tafiyar kuwa da nisa, saboda haka Baba ya ciro makullin motonsa, wato babur ɗinsa, daga ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsa ya miƙa mini. Baba mutumin Damagaram ne, ya yi aikin gwamnati a Yamai har ya ajiye, moton kuma yana hannunsa tun ina makarantar firamare. Bai saki makullin ba sai da ya gama magana.

"Daga Litinin zuwa Juma'a naka ne. Lahadi ma ka ɗan zagaya idan kana so. Asabar tawa ce, ina zuwa unguwar Mawre gaida yayata. Abu ɗaya na hana: kada wani makanike ya sa masa ƙarfe ba da sanina ba. Ranar da aka sa, makulli ya koma ƙusa."

Na ce na ji. Na kuma san abin da komawarsa ƙusa take nufi: faba-faba biyu kowace safiya, waɗannan ƙananan motocin haya da ba sa tashi sai sun cika, alhali shugaban sashenmu yana duban agogo kafin ya dubi fuskar mutum.

A ƙarshen unguwarmu akwai wani fili na jar ƙasa inda samari ke taruwa ranar Lahadi bayan la'asar, suna ɗaga tayar gaba ta moto suna tafiya a kan ta baya. Lahadi uku na yi ina tsayawa daga nesa ina kallo. Ba zan iya faɗin dalilin da ya ja ni da cikakken tabbaci ba. Abin da na sani shi ne, duk rayuwata ban taɓa iya wani abu da jikina ba, sai da alƙalami. A Lahadi ta uku mai koya musu ya yafuto ni. Makanike ne mai gareji a bakin titin unguwar, haifaffen Yamai, Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa ce, mai sauri.

"Kai mai farar riga, kallo kake yi ko an aiko ka ka ƙidaya mu?"

Na ce koyo nake so. Ya dubi takalmina, ya dubi moton Baba da na jingine a gindin bishiyar bedi, ya ce a ajiye tsohon nan ya huta, akwai moton koyo. Wani ƙwarangwal ne nasa, ba madubi, ba fitilar baya, kujerarsa ɗaure da roba. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin na auna na ga sharaɗin Baba bai shafi moton wani ba.

Lahadi ta gaba na zo da kaye, littafin rubutu irin na makaranta. Na raba kowane shafi gida biyu, kalma a hagu, bayani a dama. Ɗaga tayar gaba suna ce masa kabraj. Abin da ake matsawa da hannun hagu a saki farat ɗaya don gaban ya tashi, ambirayaj. Idan moto ya miƙe tsaye sak har bayansa ya kusa taɓa ƙasa, sun ce ya kai midi, wato kamar hannun agogo da tsakar rana, kuma wannan ba na ɗan koyo ba ne. Na tambayi makaniken ko digiri nawa gaban yake tashi kafin nauyi ya daidaita.

"Digiri? Ku ji lisansiye. Gindinka ne zai gaya maka digiri."

Aka yi ta dariya, sunan lisansiye, wato mai lisansi, kuma ya bi ni. Duk da haka na rubuta amsar, na tsabtace ta kaɗan. Doka ɗaya ce yake maimaitawa ba tare da wasa ba, ita ma na rubuta ta na ja mata layi biyu: ƙafar dama ba ta barin birkin baya. Idan gaba ya tashi ya wuce inda kake so, ka taɓa birki, zai sauka.

Akwai wani abu da yake yi wanda ban rubuta ba. Kafin kowa ya hau, ko a moton koyo ko a nasa, sai makaniken ya tsuguna kusa da tayar baya yana gaisawa da mai hawan, ya gida, ya tsohuwa, ya gajiya, hannunsa kuma yana can cikin ƙarafa yana motsi. Na gani sau da yawa. Na ɗauka hannun makanike ne da ba ya iya zama shiru. A makaranta an saba mini da rubuta abin da malami ya faɗa, wannan kuwa bai taɓa faɗarsa ba.

Bayan kamar wata biyu, ina iya ɗaga gaban moton koyo in riƙe shi tsawon taki goma ko sha biyu. Ban auna da igiya ba, da ƙafa na taka. Sai makaniken ya ce mini a filin nan ba a lissafa mutum da moton koyo. Kowa da nasa yake nunawa, a gaban kowa.

"Lahadi mai zuwa ka kawo tsohon ya motsa jini."

Na kwana shida ina juya maganar. Hawa ba sa ƙarfe ba ne, na gaya wa kaina. Abin da ya fi damuna ma ba Baba ba ne, ina jin kunyar faɗa, tsoron kuskure ne a gaban mutane. Don haka na yanke shawarar in gwada ni kaɗai tukuna. Ranar Lahadi da hantsi, fili babu kowa sai awaki, na je da moton Baba. Na buɗe kaye a kan kujera na karanta matakan sau biyu. Na hau, na tafi a hankali, na matsa ambirayaj, na ba shi wuta, na saki.

Gaban ya tashi da sauƙin da ban zata ba. Ya wuce inda na saba. Na taɓa birki yadda aka koya mini, da kan yatsun ƙafa, sai ƙafata ta nutse cikin iska, babu abin da ya kama. Na ga sama, na ga kan bedi a inda bai kamata ya kasance ba, sannan bayana ya bugi ƙasa. Moton ya tsaya a kan wutsiyarsa na ɗan lokaci, ya kife gefe, tayar baya tana ta juyawa.

Gwiwar hannuna ta saluɓe, amma ba ita na fara dubawa ba. Fitilar baya ta tarwatse. Lambar moto ta lanƙwashe, madubin dama ya karye daga wuya. Na tsince gutsattsarin jan gilashin ɗaya bayan ɗaya na zuba a aljihu, ban san amfanin hakan ba. Na tura moton zuwa gareji ta bayan layi, don kada wani ɗan unguwa ya gan ni.

Makaniken yana shan shayi. Bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya ajiye kofin, ya danna birkin baya da tafin hannu, abin ya sauka har ƙasa kafin ya kama.

"Wa ya ɗaure maka birki kafin ka hau?"

"Ba kowa, maigida."

"To kullum da nake tsugunawa, ka ɗauka gaisuwarka ce ta dame ni?"

Ya nuna mini wani ɗan noti a ƙarshen sandar birki, kusa da taya. Shi yake murɗawa don birki ya kama da taɓawa ɗaya. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce ido gare ni.

Na gaya masa sharaɗin Baba. Ya zagaya moton, ya ce sabuwar fitila a jikin tsoho za ta tona asiri, amma yana da tsohuwa irinta a cikin tarkace, da madubi. Lambar kuma a buga ta a kan katako ta miƙe. Na san amsar da ta dace. Na ce masa ya yi.

Kafin azahar ya gama. Ya shafa ƙasa a kan kusoshin da ya taɓa don kada su yi ƙyalli. Daga ƙarshe ya tsuguna, yana tambayata ya hannun, ya murɗa notin birki. Wannan karon na kalla da kyau, na ƙirga zagaye huɗu, na buɗe sabon shafi na rubuta: notin birkin baya, a ɗaure shi kafin a hau. Har na ji daɗin cike gurbin.

Baba ya ga moton da yamma, ya wuce shi zuwa masallaci bai tsaya ba. Na sa riga mai dogon hannu duk makon. Kowace safiya ina jiran a kira ni, ba a kira ba. Ran Juma'a na fara numfashi sosai.

Ran Asabar da safe ina ɗaki ina gyara rubutun kaye, na ji Baba ya tada moto ya fita. Idona yana kan layin nan na noti lokacin da ƙarar ta yi nisa. Sai na tuna yadda Baba yake taka birki. Idon sawunsa na dama ya sandare da sanyin ƙashi shekaru da yawa, ba ya lanƙwasuwa. Ba da yatsu yake taɓawa ba, da dukan ƙafar yake dannawa, da nauyinsa. Birkin bai saki don tsufa ba. Shi ya sassauta shi daidai ƙafarsa. Abin da ya sa ya hana a sa ƙarfe ke nan, ko aƙalla ɗaya daga cikin dalilan. Kuma a ƙarshen layinmu, inda ake karya kwana a hau kwalta, yashi ne mai zurfi, nan kowa yake taka birki.

Na fita da gudu ba takalmi. Inna tana tambayata lafiya, na wuce ta. Layin namu dogo ne, ban taɓa jin tsawonsa kamar ranar ba. Daga nesa na hango mutane uku ko huɗu a tsaye a kwanar, da wata babbar mota da ta tsaya a gefen kwalta.

Baba yana zaune a kan bencin mai shayi, hularsa a hannu, gefen rigarsa na dama duk yashi. Moton yana jingine da bango. A ƙasa akwai layi ɗaya mai zurfi da tayar baya ta ja, ya karkace, ya ƙare taki biyu kafin kwalta. Mai shayin yana ba da labari, wai taya ce ta kulle, Allah ya kiyaye, da ya ƙara gaba kaɗan da babbar motar ta same shi. Baba yana amsa sannu da gyaɗa kai. Da ya gan ni, ya dubi ƙafafuna.

"Tura shi gida," ya ce.

Na tura, yana biye da ni yana ɗingishi fiye da kullum. Haka muka isa zaure. A can ya dafa kujerar moton, ya sunkuya da ƙyar, ya taɓa notin da yatsa. Ya daɗe yana duban fitilar baya.

"Wa ya taɓa mini birki?"

"Makaniken bakin titi ne, Baba. Ni na kai masa."

"Me ya kai ka?"

Na faɗa masa duka, bi da bi, tun daga Lahadin farko. Ban rage ba, ban kuma ƙara ba. Na ɗauko kaye ma na ba shi, ban san ko a matsayin hujja ko neman sassauci ba. Ya sa tabarau, ya karanta shafi bayan shafi a tsaye, har ya zo na ƙarshe.

"Zagaye huɗu," ya ce. "Ka tabbata huɗu ne?"

"Na ƙirga, Baba."

"To tsuguna ka mayar."

Na tsuguna na warware notin zagaye huɗu, ina ƙirgawa a fili. Ya hau, ya danna birkin da ƙafarsa sau uku, ya sauka. Ya miƙo mini kayena. Sannan ya zare makullin, ya shiga ɗaki, na ji ƙararsa a jikin ƙusa.

Yayarsa ta kira da rana tana tambayar abin da ya hana shi zuwa. Ina jinsa daga tsakar gida yana ce mata ƙafar ce ta motsa, mako mai zuwa in Allah ya so.

Sauran wata huɗu na sitaj a faba-faba na yi su. Ina fita daga gida ana idar da sallar asuba, duk da haka na makara sau da dama, shugaban sashe kuma ya rubuta hakan a takardar da ya ba ni a ƙarshe. Ban koma filin ba. Wani lokaci ta tagar mota nakan hango makaniken a ƙofar gareji, shi ma ya gan ni, ya ɗaga hannu ya kira lisansiye. Baba bai sake tada maganar ba. Ranar Asabar, kafin ya fita, yakan ce in fito masa da moton ƙofar gida, ina turawa ba tare da makulli ba, sai ya danna birkin sau uku ina tsaye, sannan ya tafi Mawre.