Ranar da Na Kasa Tsayar da Surukina

A shekarun nan da arzikin man fetur ya tumbatsa, har kowane akawu ya ɗauka shi ma attajiri ne, tsararrakina sun yi ta sayen babura da rediyo mai kaset. Ni kuwa, da yake Allah ya jarrabe ni da son fita daban, sai na nufi wani kanti a Sabon Gari na sayo jirgin ƙasa na wasa, irin mai tafiya da lantarki. Ga layin dogo mai kewaye ɗaki, ga taragu, ga kawunan jirgi biyu, baƙi da kore, kowanne da abin tuƙinsa. Akwai kuma sigina guda mai fitila a inda layuka biyu suka gamu. Mai kantin ya ce in gai da yaron da zan kai wa. Ban sanar da shi cewa yaron ne tsaye gabansa da gemu ba.

Na shimfiɗa shi a ɗakin da ke kusa da zauren gidana na Fagge, na naɗa kaina shugaban tasha. Taubashina, wanda ba ya ganin girman kowa balle nawa, shi na bar wa baƙin. Koren kuwa nawa ne, ba mai taɓa shi, domin mai kantin ya tabbatar mini babu irinsa a garin. Daga hirar ma'aikatan reluwe na tsinto wata ƙa'ida, na riƙa maimaita ta kamar ni na ƙago: in fitilar sigina ta mutu, wajibi ne mai tsaronta ya ɗaga murya ya ce wa direba, "Tsaya!" Ina alfahari da cewa jirage ba su taɓa karo a tashata ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, surukina ya zo duba 'yarsa da ta yi fama da zazzaɓi. Dattijo ne malami, wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma ba na gaishe shi sai a durƙushe. A hanyarsa ta fita ya ji ƙara, ya leƙo ya same mu, ni da taubashina, muna tuƙa jirage. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya zauna a kan darduma ya ce, "Shin wannan abu, tsoho yana iya tuƙa shi?"

Wane ni in miƙa masa baƙin da duk ya kwarzane? Na ba shi koren da hannu biyu. Kaina a sunkuye na yi bayani cewa koriyar fitila izini ce, ja kuwa hani. Na koma gefe na riƙe makunnin sigina.

Ya kewaya lafiya lau, har na ga gefen bakinsa yana motsi. Ana nan sai jiragen biyu suka doso mahaɗa tare. Layin na baƙin ne, saboda haka na danna ja domin koren ya jira. Fitila ta ƙyafta, ta mutu. Surukina bai ga ja ba, ya ci gaba abinsa. Taubashina ya gani sarai, amma ya dube ni yana murmushin mugunta, bai rage gudu ba. Wurin kashe wutar gaba ɗaya kuma yana bayan dattijon, dole sai na tsallake shi kafin in kai.

Kalma ɗaya ta rage, wadda na sha koya wa mutane. Amma a gidan da na tashi, ba a taɓa jin wanda ya daka wa surukinsa tsawa ba. Na gyara durƙuso, na ce, "Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, in ba zai zama rashin ladabi ba, da ana neman alfarmar..."

Ƙau! Baƙin ya daki koren a haƙarƙari. Koren ya wuntsula, ƙafafunsa sama, wani ƙauri ya tashi.

Surukina ya juyo a natse. "Alfarmar me kake nema?"

"Da ma, Baba, cewa zan yi ko za a ɗan dakata."

Ya dubi jirgin da ke kwance. "To, ai ga shi an dakata."

Taubashina ya kifa yana dariya. "Ranka ya daɗe shugaban tasha! Da mutane ne a ciki, da an yi sadakar uku kafin ka gama gaisuwa."

Na kai koren wurin masu gyaran rediyo na Sabon Gari, kowa ya buɗe ya girgiza kai. Bai sake motsi ba, yana nan a kabad ɗina har yau.

Surukina kuwa wasan ya shiga ransa. Ya mai da zuwa kowace Juma'a al'ada, ya karɓe baƙin. Ya kuma yanke hukunci cewa sigina ba aikin mai kunya ba ne, ya damƙa wa taubashina. Da kunnena na sha jin ɗan banzan yana ce masa, "Tsaya, Baba!" shi kuma ya tsaya cak. Ni, shugaban tasha, aka bar ni da kawo ruwan sha.