Mangwaro a Gonar Aro

A ƙauyenmu, can bayan Auyo, wanda aka ba aron gona yana iya shuka duk abin da ya ga dama, amma ba ya dasa itace. Shinkafa, alkama, albasa, tattasai, duk waɗannan a girbe a wuce ne. Itace kuwa na mai ƙasa ne. Ranar da ka ga mutum ya haƙa rami ya sa dashen mangwaro, to ya gaya wa duniya gonar tasa ce.

Tun kafin a haife ni mahaifina ya ba wani baƙo aron fili a gefen fadama. Daga wajen Damagaram mutumin ya zo, a shekarar wata yunwa, shi da matarsa da jaki ɗaya. Wurin ba gona ba ne a lokacin, ƙaya ce da ciyawa. Shi ya sassabe, ya tone saiwoyi, ya ja masa ruwa. Mu yara muna ce masa Baban fadama, shi kuma yana ce mini uwata, don sunana ɗaya da mahaifiyarsa.

Kowace kaka yakan kawo buhu guda gidanmu na godiya, mahaifina kuma ya yi ta yi masa faɗa a kan haka. Wata rana na kai musu fura zaure, na ji da kunnena mahaifina ya ce:

"Kai, ka dasa itace a wurin nan mana. Na bar maka."

Baban fadama ya sunkuyar da kai ya yi ta godiya, ya ce ai tsakaninsu ba sai da itace ba. Kunya ce ta hana shi. Ko ƙwallon mangwaron da muka sha muka yar a gonar, idan ya tsiro, da hannunsa yake tumɓuke shi, don kada a ce baƙo ya sa ido a ƙasar mutane. A lokacin ina ganin wannan dattaku ne. Yanzu in na tuna, haushinsa nake ji.

Mahaifina ya rasu, shekaru suka wuce, ba wanda ya ɗaga maganar. Sai gwamnati ta rufe boda, ta hana shigo da shinkafar waje. A rediyo ana ta cacar baki, wasu na cewa an ceci manomi, wasu na cewa an kashe talaka da tsada. Ni dai abin da na gani, fadamar da a da ake ba mutum don Allah, sai ga 'yan kasuwa daga Kano suna zuwa da mota suna neman haya. Yayana, mai shagon takin zamani a kasuwar Haɗeja, wanda bai taɓa sanin ƙaiƙayin shinkafa a jikinsa ba, nan take ya tuna yana da gado.

Aka zauna gaban bulama, mai garinmu. Ina gidan aurena a Haɗeja na ji labari, na hau babur na zo, na tsaya daga bayan zana na faɗi abin da na ji a zaure. Yayana ya yi dariya, ya ce yarinyar da aka aika da fura me ta sani. Bai ma tsaya dogon musu ba, ya juya wajen tsohon cikin ladabi.

"Baba, duk shekarun nan, nuna mana itace ɗaya da ka dasa."

Babu ko ɗaya, kuma kowa a wurin ya san dalili. Bulama ya yi ta kallon ƙasa. Wani daga cikin taron, wanda ya sha cin tuwon gidan tsohon, ya ƙara da cewa tunda an rufe boda, ai gara kowa ya san ƙasarsa. Aka kwashe da dariya. 'Ya'yan tsohon suna tsaye suna ji, su da a ƙauyen nan aka yanke musu cibi, ko hanyar Damagaram ba su sani ba.

An yi masa alfarma ya girbe abin da ke ƙasa. Bayan nan 'ya'yansa maza suka watse kudu neman abinci, shi kuma ya koma ƙwadago da furfurarsa, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Na daina shiga shagon yayana. Bai ma lura ba, don kasuwa ta buɗe masa, har ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare.

Sannan aka cire tallafin mai. Injin ban ruwa ya riƙa shanye ribar tun shinkafa ba ta fid da kai ba. Aka kuma bar ta waje ta shigo, farashi ya faɗi warwas. Yayana ya zagi gwamnati son ransa, ya ce shi da shinkafa har abada, lambu zai yi a ɓangaren tudu inda ambaliya ba ta kaiwa. Ya sayo dashen mangwaro mai aure cike da akori-kura. Da ya tashi neman mai aiki, sai ya aika wa Baban fadama, yana gaya wa mutane wai taimakonsa yake yi, tunda mutumin mahaifinmu ne.

Na je ƙauye gaisuwar wata rasuwa, na bi ta gonar. Na sami Baban fadama durƙushe a bakin rami, yana yage baƙar ledar da ke gindin dashe. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi, maganar ta ƙi tsaya mini a ciki, na tambaye shi me ya sa bai ƙi ba. Ya ce matarsa na kwance, gida babu ko mudun masara.

Ya sa dashen a rami, ya tura ƙasa, ya danna ta da tafin hannu biyu, a hankali. Ya jawo ƙaya ya kewaye shi saboda awaki. Ina tsaye ina kuka, shi ko kallona bai yi ba.

"Uwata, miƙo mini na gaba," ya ce. "Alhaji ya ce sai na gama layin nan zai sallame ni."