Rigar da Na Ɗinka wa Motar Yaya

Ni tela ne, kuma abu ɗaya na iya game da kaya mai tsada: a ninke shi, a sa masa kafur, a ajiye a ƙasan akwati sai ranar da ta dace. Babbar riga in ana sa ta kullum, wuyanta ne ke fara cinyewa. Haka na taso na gani, haka nake gaya wa masu kawo mini ɗinki a shagona da ke unguwar Briqueterie a Yawunde. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini cewa akwai kayan da ajiya ke kashewa.

Yayana yana Jamus, yana aiki a wani kamfanin yanka nama. Shekarar da gwiwoyin Inna, mahaifiyarmu, suka fara ba ta wahala, ya kira ni a waya.

"Na sa mota a jirgin ruwa," in ji shi. "Ka je Duwala ka karɓo. Ba na so in ƙara jin an cusa Inna a taksi, mutum biyu a kujerar gaba."

"Mota kuma, Yaya? Ni?"

"Kai mana. Wa nake da shi a can in ba kai ba? Amana ce na ba ka."

Wannan kalma ta amana ita ta zauna mini a ƙirji. A wurina amana abu ne da ake mayar wa mai shi yadda ya bayar, ba tabo, ba yagewa.

Motar ta iso, baƙa, doguwa, ƙirar Jamus, irin wadda manyan ma'aikata ke shiga. Ba sabuwa ba ce, amma kujerunta na fata ne, kuma in ka rufe ƙofa ba ka jin hayaniyar titi ko kaɗan. Lungunmu ba ya shigar mota, ga kwata a tsakiya, don haka na roƙi maƙwabcinmu Alhaji, wani mahauci mutumin Garwa, ya bar ni in riƙa ajiye ta a filin gidansa. Shi ma yana da babbar mota, ƙirar Japan, ruwan toka, wadda a da ita ma ta manya ce. Alhaji ba ya tausaya mata. Da ita yake ɗauko raguna, da ita yake kai nama kasuwar Mokolo, da ita yake zuwa ɗaurin aure. Gefenta a lotse, fitilarta ɗaya an ɗaure da waya, amma kullum da safe murɗa makulli ɗaya take tashi.

Watannin farko sun yi daɗi. Nakan kai Inna asibiti wajen Messa. Kafin ta shiga sai ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, kamar za ta shiga masallaci. Na yi na yi ta daina, ta ƙi. Takan zauna a baya ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Allah ya yi wa ɗan'uwanka albarka." Ni kuwa gumi nake yi a gaba. Kowane rami muka faɗa, a haƙarƙarina nake jin sa. Kowane ɗan babur ya matso, sai in ga kamar ya riga ya karce ta.

Ran nan wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gabana. Motar tana tafiya lafiya lau, amma fitilar ta ƙi mutuwa. Na kai ta wurin makaniken bakin titi da ke duba ta Alhaji. Ya leƙa, ya goge hannunsa, ya ja da baya.

"Malam, wannan ba a taɓa ta da sifana. Sai an jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta. Ka kai ta garejin unguwar Elig-Edzoa."

A garejin Elig-Edzoa aka jona mata kwamfutar. Mai garejin ya yi ta bayani da Faransanci, rabi na gane, rabi ya wuce ni. Abin da na fahimta shi ne wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsana ba ya lalace, babu shi a Yawunde, sai an aiko daga waje. Motar ta yi makonni a can. Da na je ɗauka, abin da na biya ya cinye duk ɗinkin da na yi a watan azumi. Mai garejin ya kuma gargaɗe ni: baƙin mai nata daban ne, kada a zuba mata na kowa, kada in sayi fetur na kwalba, kada in bar ɗan koyo ya buɗe ta.

Na ba Alhaji labari, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ka auro 'yar gata, malam tela! Tawa ko man gyaɗa ka zuba mata sai ta kai ka Garwa. In ta yi tari, kayanta na nan a kasuwa kamar tumatir."

Ban gaya wa Yaya ba. Da wane baki zan ce wa mutumin da ya aiko mini da mota guda ya ƙaro kuɗin gyara? Na yi ta juya maganar ina bisa keken ɗinki, har na kai ga abin da na ɗauka dabara ce. Tafiya ce ke lalata ta. In ba ta tafi ba, ba za ta lalace ba. Sai in ajiye ta don babbar rana, in ciwon Inna ya tashi da gaske, ko in Yaya ya zo.

Na ɗauki tef na auna ta kamar yadda nake auna mutum, daga hanci zuwa wutsiya. Na sayi yadin kaki mai kauri, na yi masa shafi mai laushi daga ciki don kada ya goge fenti, na fitar da aljihu biyu na madubai. Ban taɓa yi wa ɗan Adam ɗinkin da ya zauna kamar wannan ba. Na zuba kafur a ƙarƙashin kujeru, na rufe ta.

Inna ta koma taksi. Don in sami sauƙi a raina, nakan biya kuɗin mutum biyu a kujerar gaba, ta zauna ita kaɗai. Nakan riƙe mata hannu mu fito daga lungu, mu wuce ta gaban filin Alhaji, mu tsaya a bakin titi muna faɗa wa direbobi inda za mu, suna wucewa. Ba ta taɓa tambaya ta ba. Wani lokaci takan dubi motar a cikin rigarta, ta kawar da kai.

Alhaji kam bai yi shiru ba.

"Malam tela, amarya ta tashi lafiya? Yaushe za ta fito daga lalle?"

"Tana hutawa, Alhaji."

"Ka tada ta ta zaga gari, ko zuwa Messa ne ta dawo. Mota ba shadda ba ce."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Da fari nakan tada injin ranar Juma'a in bar shi ya ɗan yi ɗumi. Daga baya na daina, saboda duk lokacin da zan murɗa makulli gabana faɗuwa yake, kada wata fitila ta sake kunnuwa. In ban kunna ba, ban ga fitila ba, kuma in ban gani ba, hankalina a kwance. Sai dai in ɗaga rigar, in goge jikin motar, in sake rufewa.

Akwai abin da har yau in na tuna nake jin fuskata ta yi zafi. Wata rana na lura bakin rigar ya fara jan ƙasa, jar laka tana ɓata shi. Na ce ruwan sama ne ya sa yadin ya saki. Na cire, na kai shago, na rage tsawon, na sake kalmashe bakin. Bayan wasu watanni ya sake taɓa ƙasa, na sake ragewa, ina ta zagin wanda ya sayar mini da yadin. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in tsuguna in duba ƙafafun motar.

Damina ta wuce, wata ta zo, sai Yaya ya ce zai zo Babbar Sallah.

"Ka zo filin jirgi da motar, Inna a ciki. Ina so in gan ta tana fitowa daga baya kamar matar gwamna."

Wallahi murna na yi. Na ce yau zai ga yadda ake riƙe amana, zai same ta kamar ranar da ya rabu da ita.

Ranar da safe Inna ta yi wanka, ta sa atamfarta ta ƙasan akwati, ta fesa turare. Na kawo ta filin Alhaji na ajiye mata kujera. Unguwa cike take da raguna da masu sayen su. Na yaye rigar gaba ɗaya, abin da na daɗe ban yi ba, sai na ga motar a durƙushe, cikinta dab da ƙasa, tayoyin sun shige ciki. Ashe irin wannan mota a kan jakunkunan iska take tsaye, iskar kuwa ta daɗe tana zurarewa. Na shiga, na murɗa makulli. Ko ƙis. Alhaji ya zo ya taya ni buɗe gaban. Warin da ya bugo mu ba na kafur ba ne. Ɓeraye sun yi gida a kan injin, sun gaigaye wayoyi, kuma da shafin da na ɗinka mai laushi suka yi shimfiɗa.

Mutane suka taru. Wani ya ce a tura, wani ya ce irin wannan ba ta tashi da turi. Wani mai sayar da raguna ya ce, "Kai, amma fa tana ƙyalli!" aka kwashe da dariya. Na kasa ɗaga ido in dubi inda Inna take zaune da takalmanta a hannu.

Alhaji bai yi dariya ba a wannan karon. Ya sa aka sauke ragon da ke bayan motarsa, aka watsa ruwa, aka shimfiɗa darduma a kujera.

"Hajiya, bismillah. Ki yi haƙuri da warin, tsohuwata ce amma ba ta kunyata ni."

A filin jirgi Yaya ya rungume Inna, ya rungume ni, sannan ya fara waige-waige yana neman baƙar mota. Na ce, "Tana gida, Yaya. Ta ɗan ƙi tashi." Ya dubi ta Alhaji, ya shiga baya kusa da Inna. Muna cikin tafiya na ji ya tambaye ta.

"Inna, yaya kike jin daɗin motar?"

"Lafiya lau take. Ƙanenka yana kula da ita kamar jaririya."

"Yaushe rabonki da shiga?"

Inna ta gyara mayafinta, ta ce Yawunde ta cika da gine-gine tun tafiyarsa. Alhaji ya ƙara muryar rediyo. Ni ina gaba, ina jin idon Yaya a ƙeyata har muka iso.

Bayan Sallah mai garejin Elig-Edzoa ya zo ya duba ta a inda take. Ya daɗe yana lissafa abin da ya mutu, Yaya yana gyaɗa kai. Ya ce ko da ana hawanta kullum, irin wannan mota sai mai aljihu, amma zaman da ta yi ya fi kowane rami yi mata illa. Gyaranta zai fi kuɗinta.

Da ya tafi muka rage mu biyu a filin. Na so Yaya ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

"Ni ma da laifina," in ji shi. "A can garejinta na kowace unguwa, ban yi tunanin nan ba. Amma me ya hana ka gaya mini?"

"Na ji kunya, Yaya. Na so ka same ta yadda ka aiko."

"Yadda na aiko? Ni da na tarar ka lotsa ta gaba da baya, kujerar baya ta lafe da zaman Inna, da na fi kowa murna. Ba mota na ba ka riƙo ba."

Masu sayar da kayan gyara na unguwar Mvog-Ada ne suka saye ta. Sun ce gunduwa-gunduwa ta fi daraja, tunda masu irinta kullum neman kayanta suke. Aka ɗaure ta da sarƙa aka jawo ta zuwa titi, cikinta yana gurzar ƙasa, 'yan unguwa a tsaye suna kallo. Na shige shago na zauna a gaban keke, ban ɗinka komai ba.

Kafin ya koma, Yaya ya cika kuɗi ya sayi wata tsohuwar ƙirar Japan, shi da Alhaji suka je suka zaɓo, ba a neme ni ba. Ranar da zai tafi ya durƙusa a gaban Inna, ya sa mata makullin a tafin hannu.

"Taki ce. Duk wanda kika ga dama shi zai tuƙa ki. In ya ƙi, ki kira ni."

Ni take aika wa. Takan kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙo mini, in mun dawo in mayar mata. Har yanzu ina gumi in ɗan babur ya matso, har yanzu ina jin ramuka a jikina, amma ina tuƙawa. An riga an karce ƙofar baya a Mokolo, na kwana biyu ban ci abincin kirki ba, motar kuwa ko a jikinta.

Yaya yana kira duk ƙarshen mako. Yakan gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi ɗinki, sannan ya ce, "Ba ni Inna." Sai in miƙa mata wayar in fita tsakar gida. Daga nan nake jin tana faɗa masa inda motar ta kai ta a makon, asibiti, gidan suna, gaisuwar rasuwa. Ni bai ƙara tambaya ta zancen mota ba.