Akwatin da Gwaggo Ta Ƙi Buɗewa

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ni ne malamin asibiti a Dauran. Asibitin ɗaki ɗaya ne da rumfar kara, amma ina jin kaina kamar babban likita. Har yau in na ji warin aidin sai rumfar nan ta faɗo mini a rai, da tsofaffin da ke zuwa hira da sunan ciwon baya.

Wata shekara aka samu tallafi daga ƙasar waje don horar da ungozomomin karkara, saboda jarirai na mutuwa da tsinkau-tsinkau. Yaro zai zo lafiya, kafin suna ko jim kaɗan bayansa ya ƙi nono, baki ya kulle, jiki ya sandare. Daga yankan cibiya da tsohuwar reza abin yake shiga. Aka ce in kawo sunan ungozomar garinmu, na rubuta Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda rabin garin a hannunta suka faɗo, har da ni.

Sati guda ta yi a Ƙaura. Ta dawo a bayan a-kori-kura da labarin jirgin ƙasa da wani farin akwatin ƙarfe mai ɗauke da sabbin rezoji, sabulu, zare da leda. Daga ranar, duk gidan da aka kira ta, akwatin na bisa kanta, an naɗe shi da sabon zane. Ni kuwa sai washe haƙora nake, ina cewa aiki ya yi kyau.

Da aka sake rasa jariri a unguwarmu, sai jikina ya yi sanyi. Na je gaishe ta da hantsi, na roƙa ta nuna mini akwatin. Ta sauko da shi daga saman jeren kwanoninta, ta buɗe tana taƙama. Komai na nan yadda aka ba ta, ko takardar sabulun ba a yage ba.

"Gwaggo, ba ki taɓa amfani da su ba?"

"Amfani? Cewa sunka yi za su dawo su duba akwatunan. In sun ishe na cinye kayan mutane, mi za ni ce musu? Ni ba a ba ni amana in taɓa."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce ita ta yanke tawa cibiyar da rezar da nake rainawa, ga ni nan ƙato.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne matata na da cikin fari, wata tara, tana gidan iyayenta goyon ciki, kuma Gwaggo za a kira. A wurinmu namiji ba ya zancen cikin fari gaban manya. Ko an haihu ba ka ɗaukar yaron, ba ka kiran sunansa, in ana maganarsa sai ka sunkuyar da kai. Na iya yi wa matan gari duka lacca, amma wannan magana ɗaya ta fi ƙarfin bakina. Kwana uku ina zuwa ƙofar Gwaggo ina komawa da gaisuwa kawai.

A na huɗu na same ta da mata biyu suna sussukar gero. Na durƙusa, na ƙura wa ƙasa ido.

"Gwaggo, ɗana na nan tahe. Ina son shi. Don Allah ki yanke mai cibiya da sabuwar reza."

Taɓare suka tsaya. Ɗaya matar ta ja mayafi ta rufe baki. Gwaggo ta juyo kaina.

"Ɗanka? Yau ni na ga ƙarshen zamani. Tashi ka ba ni wuri, marar kunya."

Na tashi ban san ko ta yarda ba. Kafin la'asar labari ya gama gari, abokaina har da tambayata ko ni zan yi wankan jego.

Ranar wata Alhamis, motocin kasuwar Shinkafi na wucewa, aka aiko an sauka, namiji. Da yamma Gwaggo ta biyo ta asibiti, ta ajiye mini yagaggiyar takardar reza a kan tebur.

"In sun zo, kai za ka yi musu bayani."

Duk da haka ban saki jiki ba, don na san kwanakin da ciwon ke bayyana. Aka yi suna ina lissafi a zuci. Kowace safiya sai in bi ta bayan gidan surukaina a kan keke, kamar hanya ce ta biyo da ni, alhali asibiti na wancan gefen. In tsaya jikin danga ina gyaran sarkar da ba abin da ya same ta.

Safiya ta goma sha huɗu na ji ana yi masa wanka. Ya tsala ihu da baki a wangale, har kaji suka watse, sannan ya yi tsit, na ji kakarsa na cewa a bar shi ya sha, wannan akwai ci. Na zauna a ƙasa kusa da keken, hannuna duk baƙin mai, na yi kuka mai isata.